Wayar Da Ke Tsakanin Fata Da Ƙwaƙwalwa: Yadda Dabba Ke Sanin Zafi Da Sanyi

Duk wanda ya taɓa yin sammako a tsakiyar hunturu ya san abin da za mu faɗa. Kafin gari ya waye sosai za ka tarar awaki sun matsu da juna a gindin murhu inda sauran toka ke da ɗumi, kaza ta hura gashinta ta zama kamar ƙwarya, kyanwa ta naɗe jiki ta cusa hanci cikin wutsiya. Ƙadangare kuwa ba za ka gan shi ba sai hantsi ya dubi ludayi, sa'an nan ya fito ya baje a kan katanga. A cikin ɗaki ma, mutumin da ke sharar barci yakan miƙa hannu ya jawo bargo ya rufa, da safe in ka tambaye shi ba zai tuna ya yi haka ba. To, wa ya gaya masa ana sanyi alhali kuwa barci yake yi? Wa ya gaya wa kaza ta hura gashi?

Amsar da kowa zai bayar ita ce fata. Gaskiya ne, amma rabin amsa ke nan, domin kuwa fata ɗan aike ce kawai, mai yanke hukunci yana can cikin ƙoƙon kai. Yau fiye da shekara 140 ke nan masana kimiyya suna bin sawun wayar da ta haɗa su biyun, a jikin kyanwa da zomo da akuya da ɓera har da sauro, kuma wasu tashoshinta sai a 'yan shekarun nan aka gano su.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, fata ba ma'aunin zafi ba ce irin wanda ake sa wa majiyyaci a hammata a asibiti. Ruwan rijiya mai zurfi kusan ɗuminsa ɗaya ne duk shekara, amma wanda ya ja guga da asubahin hunturu zai rantse ruwan da ɗumi, a bazara kuma ya ce kamar daga randa aka ɗebo shi. Kana iya gwada wannan a gida. Sami kwano uku, ɗaya da ruwan sanyi, ɗaya da ruwan ɗumi, na tsakiya da ruwan tsaka-tsaki. Sa hannun dama cikin na sanyi, na hagu cikin na ɗumi, ka daƙiƙa kaɗan har minti guda, sa'an nan ka tsoma su duka biyu cikin na tsakiya. Hannun dama zai ce ruwan da ɗumi, na hagu ya ce ƙarya ne, da sanyi. Ruwa ɗaya, mutum ɗaya, shaida biyu. Watau abin da ya fi damun fata shi ne sauyi: daga ina aka fito, ina aka dosa, kuma da wane sauri.

MASU GADI A CIKIN FATA

A cikin shekarar 1882 wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Magnus Blix, a Jami'ar Uppsala, ya riƙa taɓa fatarsa wuri-wuri da wani ɗan ƙarfe mai tsini, sai ya lura ba ko'ina ne ke jin sanyi ba. Akwai ɗigo-ɗigo masu jin sanyi kaɗai, akwai wasu dabam masu jin ɗumi kaɗai, tsakaninsu kuma akwai filin da ba ya jin ko ɗaya. Cikin shekara uku Alfred Goldscheider a Jamus da Henry Donaldson a Amurka suka gano abu guda, kowa da kansa. Aka kuma ga cewa ɗigon sanyi ya fi na ɗumi yawa nesa ba kusa ba.

A ƙarƙashin kowane ɗigo akwai bakin jijiya. Jijiyar da muke nufi ba ta jini ba ce, wani farin zare ne mai ɗaukar saƙo ta hanyar ƙanƙanin lantarki, kamar wayar tangarahu. Wanda ya fara sauraren wannan waya sosai shi ne Yngve Zotterman na birnin Stockholm, tun a shekarar 1936, kuma harshen kyanwa ya zaɓa. A shekarar 1951 shi da wani Bajamushe, Herbert Hensel, suka nuna halin jijiyar sanyi dalla-dalla. Ko ba abin da ya faru, tana nan tana bugawa a hankali, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Da an sanyaya harshen sai bugun ya ɓarke kamar gugguru a kasko, can kuma ya lafa. Da an ɗumama wurin kuwa sai ta yi tsit. Mai karatu ya riƙe wannan shirun, za mu komo kansa. Har ila yau su ne suka ɗiga wa harshen kyanwar sinadarin mantol, wanda ake samu a ganyen na'a-na'a, suka ga jijiyar sanyi ta ɗauki bugu alhali ba abin da ya sanyaya. Dalilin ke nan da ya sa mai shan alewar Tom Tom in ya kurɓi ruwa yake jin kamar ƙanƙara ya sha.

Amma mene ne a bakin jijiyar da ke jin zafin? Wannan tambaya ta yi shekara arba'in da wani abu ba amsa, kuma da amsar ta zo, daga barkono ta fito. David Julius na Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya yi tunanin cewa ba a banza mutane a harsuna da yawa suke kiran yajin barkono da sunan zafi ba. A shekarar 1997 shi da almajiransa suka gano wata 'yar ƙofa a jikin bakin jijiya, wadda sinadarin barkono ke buɗewa, gishirin jiki ya kwarara ciki, lantarki ya tashi. Da suka gwada ta da zafi tsagwaronsa, ba barkono, sai ta buɗe da zarar an haura digiri 43 a ma'aunin santigired, daidai inda mutum ke fara cewa wayyo. Daga baya aka sa mata suna TRPV1. Ashe ƙwaƙwalwa ba ta da hanyar rarrabe attarugu da garwashi, ƙofa ɗaya suke ƙwanƙwasawa, shi ya sa mai cin tsire da yaji yake haɗa gumi ko da a cikin ɗari.

A shekarar 2002 aka gano ƙofar sanyi, TRPM8, wadda mantol ke buɗewa, kuma take buɗewa da kanta in fata ta sauko ƙasa da digiri 26 ko kusa da haka. Julius ya gano ta, Ardem Patapoutian, haifaffen Bairut ta ƙasar Labanan mai aiki a Kalifoniya, shi ma ya gano ta a nasa ɗakin bincike. A shekarar 2007 aka haifar da ɓeraye marasa wannan ƙofa, aka ga suna zama a kan daɓe mai sanyi ba ruwansu. Mutanen biyu su aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci a shekarar 2021. Zafi mai ƙuna kuwa ba a bar shi hannun mai gadi ɗaya ba, gama a shekarar 2018 masana a Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam sun nuna sai an toshe ƙofa uku a lokaci guda kafin ɓera ya daina janye ƙafa daga abin da zai ƙone shi.

Kowace dabba kuma da yadda aka saita mata ƙofofinta. Uwar gida da ke shanya barkono a tsakar gida ta san kaji na tsattsagarsa ba ko atishawa. Dalili shi ne ƙofar tsuntsu tana jin zafi amma ba ta amsa wa sinadarin barkono, kamar yadda Julius ya nuna a shekarar 2002. Itacen barkono ya ci riba da haka, domin ɓera da zai tauna iri ya lalata shi yana gudunsa, tsuntsu kuwa yakan haɗiye ya je ya kasayar da irin lafiya lau a wani wuri. A Jami'ar Yale kuma, a shekarar 2016, Elena Gracheva da abokan aikinta sun gano cewa ƙofar zafi ta wani kuregen Amurka da ta raƙumin Asiya mai tozo biyu ba sa buɗewa a inda namu ke buɗewa. Abin da zai sa ɓera ya yi tsalle, kuregen yana zaune a kai.

HANYA TA RABU BIYU

Daga fata saƙo yakan bi jijiya ya shiga laka, watau farin igiyar nan da ke cikin ƙashin gadon baya. Ba duka saƙonni ke tafiya da sauri ɗaya ba. Wasu zaruruwan suna da rufi, saƙo na gudu cikinsu mita 5 zuwa 30 a daƙiƙa. Wasu tsirara suke, da ƙyar su yi mita 2. Saƙon ɗumi na bin masu nawar ne. In hannu ya taɓa tukunya mai zafi, laka ba ta jiran izini daga sama, ita da kanta take ba da umurni a fizge hannun, sai daga baya labari ya isa ƙwaƙwalwa a ji raɗaɗi. Laka kuma ba bututu ba ce kawai. A shekarar 2025 Bo Duan na Jami'ar Michigan ya ba da rahoton cewa a lakar ɓera akwai wasu ƙwayoyin jijiya da aikinsu shi ne ƙara wa saƙon sanyi murya kafin ya wuce, in an kashe su ɓera ba ya gane sanyi mai sauƙi.

Daga laka hanya ta rabu biyu, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar take.

Hanya ta farko ita ce ta sani. Saƙo yakan tsallaka ɗaya gefen lakar, ta yadda labarin hannun dama ta hagu yake hawa, ya isa wata babbar tasha a tsakiyar ƙwaƙwalwa da ake kira talamas, daga nan a miƙa shi ga ɓawon ƙwaƙwalwa inda dabba ke sanin abin da ya same ta. An daɗe ana gardama a kan wane sashe na ɓawon ne. A shekarar 2000 Arthur Craig na jihar Arizona ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutane ana sanyaya musu hannu, ya ga wani lungu da ke ɓoye a gefen kai, mai suna insula, shi ke motsawa. A shekarar 2023 James Poulet da mutanensa a Cibiyar Max Delbrück ta Berlin suka leƙa wannan lungu a kan ɓera ƙwaya-ƙwaya. Suka tarar da masu amsa sanyi dabam, masu amsa ɗumi dabam. Na sanyi masu hanzari ne, sauyi suke aunawa, su yi ihu su yi shiru. Na ɗumi masu nawa ne, kuma ainihin yawan ɗumin suke faɗa. Da aka dakatar da aikin lungun na ɗan lokaci, ɓerayen da aka koya wa lasar ruwa in sun ji zafi ya sauya a tafin ƙafarsu suka daina lasa, da aka sake shi suka ci gaba.

Waɗannan ɓeraye ba ƙananan gwanaye ba ne, suna gane ƙarin ɗumi na digiri 1 da ragin rabin digiri. Da su ne kuma aka gano wani abin da ba wanda ya zata. A shekarar 2020 aka gwada ɓeraye marasa ƙofar sanyi, aka ga ba sanyi kaɗai suka rasa ba, ɗumi ma ba sa gane shi. Ka tuna jijiyar harshen kyanwa da ke yin tsit in an ɗumama ta? To, ashe ƙwaƙwalwa tana sauraren wannan shirun. Kamar mutumin da ya saba barci da ƙarar injin niƙa na maƙwabta ne, ranar da injin ya tsaya farat ɗaya sai ya farka. In babu mai bugawa tun farko, babu shirun da za a ji.

Tunda ƙwaƙwalwa lissafi take yi da rahotanni, ana iya ruɗa ta. Tun a shekarar 1896 Torsten Thunberg, shi ma ɗan Suwidin, ya jera sandunan ƙarfe, ɗaya mai ɗan ɗumi, na kusa da shi mai ɗan sanyi, haka bi da bi. Ba wanda zai cuci ko jariri a cikinsu, amma in ka ɗora tafin hannu a kansu gaba ɗaya sai ka fizge, ka ji kamar wuta.

Hanya ta biyu ita ce ta mutumin nan mai barci da ya jawo bargo. Kazuhiro Nakamura ɗan Japan da Shaun Morrison, suna aiki a jihar Oregon ta Amurka, sun bayyana ta a shekarar 2008. Suka sanyaya fatar ɓera, suka bi saƙon, suka ga wani reshe ya ratse tun a gindin ƙwaƙwalwa, ya yada zango a wata 'yar mararraba, daga nan ya zarce kai tsaye zuwa gaban wani sashe da ake kira haifotalamas, bai ko leƙa talamas ba. Wannan sashe ƙanƙane ne ƙwarai, amma shi ne sarkin gida. Shi ke cewa a tsuke jijiyoyin jini na fata don kada ɗumi ya tsere, a tayar da gashi, a kaɗa tsoka a yi makyarkyata, a ƙona wani kitse mai ruwan ƙasa da jarirai da 'yan raguna sabuwar haihuwa ke da shi don ɗumama jiki. In zafi ne kuma ya ce a buɗe jijiyoyin, mutum da doki su yi gumi, kare da tunkiya su yi haki.

A shekarar 2017, bayan Nakamura ya koma Jami'ar Nagoya, ya yi gwajin da ya girgiza tsohon zato. Ya lalata tashar talamas a wasu ɓeraye, har saƙon zafi da sanyi ya daina isa sashen ɓawon ƙwaƙwalwa mai karɓar labarin fata, ya sa su a akwati mai daɓe biyu, ɗaya mai daɗin zama, ɗaya mai zafi ko mai sanyi. Sai ga su suna zaɓen mai daɗin kamar lafiyayyu. Amma da ya toshe 'yar mararrabar nan ta hanya ta biyu, sai suka zauna a kan daɓe mai zafi har jikinsu ya ɗauki zafi. Watau neman inuwa da neman gindin murhu ba sai an yi tunani ba, wata tsohuwar waya ce ke jan dabba.

AKUYA, RAGO DA RAƘUMI

Shi wannan sarkin gida yana da nasa ma'auni a cikin kai. Tun a shekarar 1912 wani Ba'amurke, Henry Barbour, ya zura ɗan bututu a gindin ƙwaƙwalwar zomo yana zagaya ruwa ciki. In ya ɗumama wurin zafin jikin zomo ya sauka, in ya sanyaya ya hau. Bengt Andersson na makarantar likitan dabbobi ta Stockholm ya ci gaba da wannan aiki a kan awaki. A shekarar 1961 ya ba da rahoton cewa in an ɗumama wurin, akuya mai jin yunwa takan bar ci ta nufi ruwa, in an sanyaya ta koma kan abinci. Duk mai kiwo ya san dabbobi na rage ci a tsakiyar bazara. Ga inda abin ya samo asali.

To, in akwai ma'auni a ciki, mene ne amfanin rahoton fata? Amfaninsa lokaci. Kafin sanyin waje ya ratsa har ya taɓa jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, an riga an yi asara. Fata ita ce mai tsaron ƙofar gari da ke hango ƙura tun daga nesa, sai a shirya kafin maharan su iso. Kuma wani lokaci maganarta na rinjayar ta cikin gida. A ƙasar Ostireliya, a shekarun 1961 da 1962, Geoffrey Waites ya ɗumama fatar marainan rago kaɗai, sauran jiki bai taɓa shi ba. Da wurin ya haura digiri 36, sai rago mai cikakken gashi ya kama haki kamar wanda aka koro daga daji, ya yi ta yi har zafin cikinsa ya faɗi da kusan digiri 2. Ɗan yankin fata da bai wuce tafin hannu biyu ba ya juya jiki duka. Akwai dalili, gama iri ba ya ƙulluwa sosai sai maraina sun fi sauran jiki sanyi da 'yan digiri. Wanda ya ɗaure ragon barbara a kan siminti a rana tsaka, ya kuma yi mamakin tumakinsa ba sa ɗaukar ciki, ya san inda zai duba.

Raƙumi kuwa nasa sarkin gida mai sassauci ne. Knut Schmidt-Nielsen, haifaffen Norwe, ya zauna a Beni Abbes cikin hamadar Aljeriya a shekarun 1953 da 1954 yana auna raƙuma. Wanda ke samun ruwa kullum, zafin jikinsa bai cika sauyawa fiye da digiri 2 a yini ba. Wanda aka hana ruwa kuwa yakan kwana a digiri 34, ya bari jiki ya yi ta hawa har ya haura 40 da la'asar kafin ya saki gumi sosai, da dare ya mayar wa iska zafin kyauta. An lissafa cewa babban raƙumi na tsimin ruwa kimanin lita 5 a yini ta wannan dabara. Ya kuma aske wani raƙumi, ya ga asarar ruwansa ta ƙaru da kusan rabi. Gashin nan da muke gani kamar kaya, laima ce.

Da wannan za mu gane zazzaɓi. Me ya sa mai zazzaɓin cizon sauro ke rawar ɗari a watan Afrilu, jikinsa kuwa kamar garwashi? Sa'ad da cuta ta shiga jini, jiki na fitar da wani sinadari da ke zuwa haifotalamas ya ɗaga mizanin daga 37 zuwa 39 ko 40. Daga nan ƙwaƙwalwa sai ta ɗauki jiki a kan ya yi sanyi, ta tsuke fata, ta kaɗa tsoka, majiyyaci ya nemi bargo. In mizanin ya sauko sai gumi ya karyo. Magungunan sauke zazzaɓi aikinsu hana ƙera wannan sinadari ne, kamar yadda John Vane na Ingila ya nuna game da asfirin a shekarar 1971, amma ba sa kashe ƙwayar cutar. Don haka yaron da jikinsa ya yi zafi, lulluɓe shi da barguna uku ba taimako ba ne, saukar zafin bayan an sha ƙwaya kuma ba warkewa ba ce, gwajin jini ne zai faɗi gaskiya. Ƙadangare ma na yin zazzaɓi, ko da yake ba ya iya ɗumama kansa. Matthew Kluger na Jami'ar Michigan ya sa wa wasu ƙadangarun hamadar Amurka ƙwayar cuta a shekarun 1974 da 1975, ya ga suna komawa ɓangaren akwati mafi zafi, waɗanda aka tsare a wuri mai sanyi kuwa su suka fi mutuwa.

Darajar wannan waya ba ta bayyana sai ta tsinke. Ƙwayar kuturta, wadda Gerhard Hansen ya gano a Norwe a shekarar 1873, tana son sassan jiki masu sanyi-sanyi, kuma jijiyoyin fata take ci. Jin zafi da sanyi na cikin abin da ke fara ɓacewa, shi ya sa ma'aikacin lafiya kan taɓa farin tabo da kwalba biyu, ta ruwan ɗumi da ta ruwan sanyi, ya ce wa mutum ya rufe ido ya faɗa. Likita Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa yawancin yatsun da ke gutsurewa ba cutar ce ke cinye su kai tsaye ba, ƙuna ce da rauni da ake yi ta samu ba a ji ba. Mace ta sauke tukunya da hannu, tsoho ya yi barci ƙafarsa na jikin kaskon wuta. Cutar na warkewa da haɗin magunguna cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun shekarar 1995 kyauta ake ba da su, amma jijiyar da ta riga ta mutu da wuya ta dawo. Mai ciwon sukari da ya daɗe shi ma ƙafarsa kan yi wannan kurunta. Irinsa da gwiwar hannu ya kamata ya gwada ruwan wanka, kuma kada ya miƙa ƙafa kusa da gawayi.

MASU GANI DA ZAFI

Akwai dabbobin da suka mayar da wannan waya makamin farauta. In ka dubi leɓen mesa da kyau, daga nesa dai, za ka ga 'yan ramuka a jikin ɓawon leɓenta na sama. Wasu macizan Amurka da na Asiya kuwa rami ɗaya ne babba a kowane gefe, tsakanin ido da hanci. Kasa da kububuwa na ƙasarmu ba su da shi. A shekarar 1937 Noble da Schmidt a birnin New York suka rufe wa irin waɗannan macizai ido, suka kaɗa musu ƙwan lantarki biyu a naɗe, mai ɗumi da mai sanyi, macizan suka yi ta saran mai ɗumin. Theodore Bullock ya auna jijiyar ramin a shekarun 1950, ya ga tana amsa sauyin da bai wuce kashi 3 cikin 1,000 na digiri ɗaya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne inda saƙon ke zuwa. A shekarar 1978 Peter Hartline da abokansa suka nuna cewa yana ƙarewa ne a sashen ƙwaƙwalwa mai karɓar labarin ido, an shimfiɗa taswirar zafi a ƙarƙashin taswirar gani, gefe ya dace da gefe. Ɓeran da ya laɓe cikin duhu, ɗumin jikinsa ne fitilar da ke tona shi. Jemagen Kudancin Amurka mai shan jinin shanu shi ma haka, an rage wa ƙofar zafi ta hancinsa mizani zuwa digiri 30, da ita yake laluben inda jini ya fi kusa da fata.

Amma maharbin da ya fi shafarmu ya fi waɗannan ƙanƙanta. Tun a shekarar 1910 wani Baturen Ingila mai suna Howlett, yana aiki a Indiya, ya lura sauro na rububin kwalbar ruwan ɗumi yana neman ya cije ta. An yi shekara 110 ana zaton wata ƙofar jin zafi ce ke jansa. A shekarar 2020 Paul Garrity na Jami'ar Brandeis ta Amurka ya bincika macen sauron nan na Afirka mai yaɗa zazzaɓi, ya tarar a ƙarshen gashin hancinta akwai ƙwayoyin jijiya masu ɗauke da wata ƙofa, IR21a, kuma ba zafi take ji ba, sanyi take ji. Duk sa'ad da sauro ya kauce daga jikin mutum, iska ta ɗan yi sanyi, ƙofar ta yi kururuwa ya juyo; in ya doshi mutum ta yi shiru. Ƙudan 'ya'yan itace ma na da irin wannan ƙofa, amma shi gudun zafi yake yi da ita. Da aka cire wa sauron ita, neman ɗumi ya ragu ƙwarai, zuwansa wurin jini mai ɗumi ma ya ragu. Bai daina cizo gaba ɗaya ba, domin har yanzu yana da numfashin mutum da warin jikinsa da zai bi.